Bango, Leda da Buhu: Zane-zanen Nima da Tambayar Ci Gaba

Zane-zanen da suka fito daga unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra tun daga 2011, da waɗanda aka haɗa da kayan kasuwannin da ke kewaye da su, sun dogara ne a kan abubuwa uku: bangon gida, ledar ruwan sha, da buhun gawayi. Babu ɗaya daga cikin ukun da aka yi domin ado. Kowannensu ya riga ya yi wani aiki, ya bi ta hannaye da yawa, ya ji jiki, kafin mai zane ya ɗauke shi. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, zaɓen waɗannan kaya shi kansa hujja ce a kan tarihin zango. Hujjar kuwa ita ce, abin da hukumomi suka daɗe suna kira ci gaba yakan zagayo ya ajiye mutanen zango kusa da inda ya same su, irin ci gaban mai haƙa rijiya. Ayyukan da suka fi ƙarfi a cikin waɗannan zane-zane su ne waɗanda suka bar tabon tsohon aikin kayan a fili, ba su rufe shi da fenti ba.

Kalmar zango tana ɗauke da rabin bayanin. A bakin fatake, zango wuri ne da ayari yake sauka ya kwana, a sauke wa jakai kaya, gari ya waye a ɗaura a wuce. Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sun bar irin waɗannan masaukai a kan hanya, mafi girmansu Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku. A Accra, wadda tsofaffin Hausawa suke kira Ankara, Musulmi sun fara taruwa a tsakiyar gari, wurin da har yau ake kira Zongo Lane, tare da sojojin Hausawa da Turawan Ingila suka kawo daga Legas a shekarun 1870. Da wuri ya yi kaɗan, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta biyo baya a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami fili daga gidan Odoi Kwao na Osu. Wasu suna danganta sunan da ni'ima, wasu kuma suna cewa daga harshen Ga ya fito. Wurin da aka sa wa sunan masaukin kwana ɗaya ya zama gidan 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, amma sunan bai daina tuna wa maƙwabta cewa waɗannan mutane baƙi ne ba.

Nima ta cika da jama'a a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, saboda kusancinta da barikin soja da gidajen Turawa, inda ake neman kuku da mai gadi da mai wanki. Duk da haka sai a farkon shekarun 1950 aka shigar da ita cikin iyakar birni. Kafin nan an riga an gina gidaje kafaɗa da kafaɗa, ba titi, ba magudanar ruwa, sai lunguna. A cikin waɗannan lunguna ne Keith Hart, masanin halayyar al'umma ɗan Ingila, ya zauna tsakanin 1965 da 1968 yana nazarin Farafara da suka zo ci-rani daga arewa. Maƙalar da ya buga a 1973 ita ce ta ba duniya sunan da ake kiran sana'o'in da ba su cikin littafin gwamnati, sunan da Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke amfani da shi har yau. Wannan abin lura ne ga abin da zai zo a gaba: tun kafin masu zane, Nima ta taɓa ba da ɗanyen kaya, aka sarrafa shi a waje, ya yi suna a can.

Maimaituwar tarihi a zango abu ne da ake iya ƙirgawa da shekaru. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita, galibinsu 'yan Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, cikinsu har da waɗanda a Ghana aka yanke musu cibiya. Unguwar Lagos Town da ke maƙwabtaka da Nima ta rasa ɗimbin mazaunanta, sunan Accra New Town kuma ya maye gurbin na da. Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka, a Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora a Najeriya, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka koma gida da kayansu cikin jakar nan mai ratsi-ratsi da ake kira Ghana Must Go daga Kano har Kumasi. Rusau ma haka yake dawowa. Sojoji sun rushe kasuwar Makola a 1979. An rushe wani ɓangare na unguwar Old Fadama a watan Yunin 2015, makonni kaɗan bayan ambaliya da gobarar gidan mai da suka kashe mutum fiye da 150 a shataletalen Kwame Nkrumah ranar 3 ga watan. A watan Yulin 2021 aka share filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie, aka kwashe masu sayar da albasa zuwa Adjen Kotoku, can bayan gari. Kowane karo an yi shi ne da sunan tsafta da gyaran birni. A 2017 an kafa ma'aikata ta musamman domin raya zanguna, a 2021 aka soke ta, aka bar asusun da aka kafa tare da ita. Hatta mahaɗar tituna da ke kudu da Nima ta amsa sunan Redemption a zamanin Acheampong, ta amsa Sankara a zamanin Rawlings, yanzu tana amsa Ako Adjei.

Mai zanen da ya tashi a irin wannan wuri bai fara da hannu wofi ba. Ya fara ganin layi da launi ne a kan allo, a makarantar da ake wanke rubutu da yamma a sake wani da safe a kan itace ɗaya. Ya ga zayyanar allon sauka, ya ga aska takwas da tambari a ƙirjin babbar riga ranar Sallah, ya ga dagi, wato ƙullin nan da idan mutum ya ɗora yatsa ya bi layinsa zai dawo inda ya fara ba tare da ya ɗaga hannu ba. Maginan Zariya da Kano na tsakiyar ƙarni na 20 sun riƙa sa keke da mota da agogo a cikin adon fuskar gida, kusa da dagi, sabon abu ya shiga cikin tsohon tsari ya zauna. A gefe guda kuma akwai gadon Akan, musamman tsuntsun Sankofa mai tafiya gaba yana waiwaye, wanda ake gani a ƙofofin ƙarfe da atamfofi ko'ina a Accra. Alamun biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba. Tsuntsun yana da inda ya nufa, waiwayen domin ɗauko abin da aka manta ne. Dagi ba shi da gaba ko baya. Zanen zango yana tsakanin waɗannan biyu, kuma ya fi karkata ga dagi.

Akwai kuma batun sura. Malamai da yawa a zango suna ƙyamar zana abu mai rai, iyaye kuma sun daɗe suna ganin zane a matsayin sana'ar rubuta allon shago da lambar mota kawai. Wannan ya sa masu zanen Nima na farko suka fito ne daga shagunan masu rubuta alluna, inda yaro yake koyon haɗa fenti da riƙe buroshi a hannun maigida kamar yadda ake koyon ɗinki ko kanikanci. Wani mai zane da aka fi sani da Mozzay ya horar da matasa a Nima ta wannan hanya, wasunsu kuma suka wuce kwalejin zane ta Ghanatta.

A 2011 wasu daga cikin waɗannan matasa suka kafa ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art. Kalmar tsakiya Hausa ce, muhimmanci, an rubuta ta yadda bakin Accra yake furta ta. Rufai Zakari da Musah Swallah suna cikin 'ya'yanta na farko. Sun koya wa yara zane kyauta, sun yi wa bangaye ado a cikin unguwa da gefen babban titin Kanda, sun kuma shiga bikin zanen titi na Chale Wote da aka fara a Jamestown a wannan shekarar. Sunan ƙungiyar amsa ce ga wata tsohuwar magana. A jaridun Accra da hirar cikin mota, an saba haɗa Nima da sata da daba da ƙazanta, har matashi yakan ɓoye adireshinsa idan ya je neman aiki. Zana kyakkyawar fuska mai tsayin gida a bangon da kowa yake wucewa wata hanya ce ta cewa akwai mutane a nan. Mohammed Awudu, wanda aka fi sani da Moh Awudu, haifaffen Nima, ya yi suna da irin waɗannan manyan fuskoki, yawanci na mata da ɗaurin kallabi, kuma ya kai aikinsa ƙasashen waje. Shi ne ya zana hoton Mohammed Kudus a bango a Nima, ɗan ƙwallon da aka haifa a unguwar a 2000, wanda ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2022.

Amfanin wannan aiki ga yaran unguwa ba abin musu ba ne. Sai dai a matsayin magana a kan tarihi, zanen gwarzo shi ne mafi rauni a cikin ukun. Labarin da yake bayarwa na wanda ya fita ne: daga filin ƙasa na Nima zuwa makarantar ƙwallo, zuwa Denmak, zuwa Ajax, zuwa Landan. Miƙaƙƙen layi ne, kuma mutum ɗaya cikin dubbai yake samunsa. Abin da ke ceto zanen bango daga zama talla shi ne bangon kansa. Damina biyu ko uku a iskar bakin teku sun isa fenti ya fara ɓarewa. Lokacin zaɓe ya zo, a liƙa fastocin 'yan takara a kan fuskar. Kamfanin waya ya biya mai gida ya shafe bangon da launinsa. Wani mai zane ya zo ya ɗora sabon aiki. Wanda ya kankare irin wannan bango da farce zai ga launi a ƙarƙashin launi. Bango ya koma allo ke nan, ana wankewa ana sake rubutu, kuma wannan ɓangare na ma'anar aikin lokaci ne yake rubuta shi, ko mai zane ya nufa ko bai nufa ba.

Rufai Zakari, wanda aka haifa a 1990, asalinsa Bawku, ya ajiye fenti ya koma ga leda. Domin a gane abin da ya yi, sai an dubi ledar da kyau. Ruwan leda, fiya-wata a bakin kowa, rabin lita ne a cikin 'yar jaka mai kusurwa huɗu, an buga mata sunan kamfani da shuɗin tawada, sau da yawa sunan yana ɗauke da albarka ko tsarki ko sunan Allah. Mai sha yakan ciji kusurwa ɗaya da haƙori, ya tsotse, ya yar. Aikinta bai wuce minti biyu ba, amma ba ta ruɓewa. Ruwan sama ya kwashe ta zuwa babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, ta gangara kogin Odaw, ta taru da dubban 'yan'uwanta ta toshe hanya, ruwan ya juyo ya shiga ɗakunan mutane. Ledar ta zo ne a matsayin ci gaba, domin ta maye gurbin ruwan da ake sayarwa da kofi ɗaya kowa ya sa baki, kuma ta yaɗu ne saboda famfon gwamnati bai isa ba. Maganin wata matsala ta ruwa ya zama sanadin wata matsalar ta ruwa.

Zakari yana sa a tsinto masa waɗannan ledoji da na biskit da madara da sabulu, a wanke, a shanya, a danne su da zafi su zama falle mai kauri, a yanka, sannan a ɗinke su da allura da zare. Daga nesa mutum zai ga mace tsaye cikin riga mai ɗaukar ido, wata da hijabi, wata riƙe da jaka, cikin kwalliya da natsuwa. Idan ya matso sai ya ga rigar sunayen kamfanoni ce, haruffa a yanke, wasu a kife, ga sawun ɗinki kamar na mai gyaran tabarma. Mata ne suke yawancin tsintar da wankin da ɗinkin, a Accra da Bawku, kuma ana biyansu. Hoton yana faɗin abu biyu a lokaci ɗaya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba: mutanen nan suna da daraja, kuma abin da zamani ya bar musu su yi sutura da shi shara ce. Serge Attukwei Clottey na unguwar La ya bi hanya mai kama da wannan da jarkokin nan ruwan ɗorawa da aka shigo da man girki a ciki, waɗanda jama'a suka laƙaba wa sunan Shugaba Kufuor saboda ƙarancin ruwan da aka sha a zamaninsa. Mai zane El Anatsui ya riga su duka da murafan kwalabe. Bambancin Zakari shi ne ya mayar da sharar zuwa siffar mutanen da suke zaune a cikinta.

Aikin da ya fi zurfafa wannan tunani na Ibrahim Mahama ne. Shi ba ɗan Nima ba ne, ba kuma Bahaushe ba. An haife shi a Tamale a 1987, ya yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Amma kayan aikinsa na kasuwar zango ne, hannayen da suka ɗinka su na 'yan ci-rani ne, kuma ɗaya daga cikin ayyukansa na farko a fili ya yi shi ne a kasuwar Mallam Atta da ke kusa da Nima, inda ya lulluɓe tulin gawayin 'yan kasuwa da buhunan da aka ɗinke wuri ɗaya.

Tafiyar buhun ita ce gaba ɗayan maganar. Ana saƙa shi a Indiya ko Bangaladash da zaren wata shuka mai kama da rama. Hukumar koko ta Ghana ta shigo da shi, a buga masa hatimin ƙasa, a zuba masa kokon da ake yin cakulan da shi, kilo 64, a kai shi tashar jirgin ruwa ta Tema ko Takoradi. Daga nan darajarsa ta fara sauka. 'Yan kasuwa su saye shi su zuba masara ko shinkafa ko wake, ya yi ta kai da kawo tsakanin arewa da kudu a bayan manyan motoci. Kowane mai kaya ya rubuta sunansa ko alamarsa da fenti domin kada a yi musaya a tasha, wani ya soke na wani ya rubuta nasa. Inda ya yage a yi masa faci da basilla. Idan ya tsufa har ba ya riƙe ƙwaya, sai ya koma hannun masu gawayi, daga nan ba ya sake komawa ga abinci. A wannan mataki na ƙarshe Mahama yake karɓarsa, sau da yawa ya ba da sabo a ba shi tsoho. Buhu ɗaya da aka shimfiɗa a ƙasa yana nuna hatimin gwamnati da ya koɗe, sunaye biyu ko uku, facin leda, maiƙo, da baƙin gawayi da ya shiga cikin zare. Takarda ce ta tarihin aiki da ba a ajiye irinta a ma'ajiyar gwamnati.

Hanyar da buhun ya bi ita ce hanyar da mutanen arewa suka bi. Turawan mulkin mallaka sun riƙe arewacin ƙasar a matsayin rumbun leburori: daga can ake samo masu aikin gonar koko da ramin zinariya da soja da ɗan sanda. Jikokin waɗannan leburori mata su ne kayayei na kasuwannin Accra a yau, masu dako da kwano a ka, kuma sunan nasu ma haɗin gambiza ne, kaya daga Hausa, sauran daga kalmar Ga mai nufin mata. Irin waɗannan mata da sauran 'yan ci-rani ne suka ɗinka manyan shimfiɗun da Mahama ya rufe dogon lungun Arsenale da su a baje kolin Venice na 2015, da gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Accra a 2016, da tsofaffin gine-ginen ƙofar gari a Kassel ta Jamus a 2017. Ginin da aka yi domin nuna cewa ƙasa ta ci gaba, sai aka wayi gari yana sanye da rigar ɗan dako.

Daga buhu Mahama ya wuce zuwa ga kufan alkawuran gwamnati. Layin dogo ya isa Kumasi daga Sekondi a 1903, daga Accra kuma a 1923, bai taɓa wucewa arewa ba, ko da yake an sha yin alkawari tun zamanin Gwamna Guggisberg. A 2019 ya kwashi tsofaffin kujerun jirgin ƙasa ya jera su kamar zauren majalisa a gidan nunin Whitworth da ke Manchester, ya kira aikin majalisar fatalwa. Daga baya ya sayi tsofaffin taragu ya ɗora su a kan manyan motoci zuwa Tamale, inda suka zama ɗakunan karatu a cibiyarsa ta Red Clay, kusa da tsofaffin jiragen sama da ya saya domin wannan aikin. Jirgin ƙasa ya isa arewa ke nan bayan shekara ɗari, a matsayin gwangwan, a bayan tirela. Haka kuma ya sayi wani rumbun siminti na zamanin Nkrumah da aka watsar bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966, ya yashe shi, ya buɗe shi ga jama'a a 2021 da sunan Nkrumah Volini, ya kuma bar jemagun da ya tarar a ciki suka ci gaba da zamansu.

Ana iya yi wa wannan karatu suka ta fuska biyu, kuma dukansu suna da nauyi. Ta farko ita ce, cewa ci gaba ruɗi ne rashin adalci ne ga abin da aka samu. Nima ta yau tana da lantarki da kwalta da asibiti a Maamobi. Tun 2017 karatun babbar sakandare kyauta ne. Musulmi biyu daga arewa, Aliu Mahama da Mahamudu Bawumia, sun riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas-takwas. Babban masallacin ƙasa da Turkiyya ta taimaka aka gina a Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ana hango hasumiyoyinsa daga lungunan Nima. Duk wannan gaskiya ne, kuma ayyukan da aka tattauna ba su musanta shi ba. Abin da suke nunawa ya fi haka ƙunci, ya kuma fi wuyar kaucewa: kaya suna sabuntuwa, amma matsayin mai ɗaukar kayan bai sauya ba. Jakin fatake ya zama tirela, ƙwarya ta zama leda, amma wanda ake tambaya takardar shaidar zama ɗan ƙasa saboda sunansa, da wanda ake rushe wa rumfa idan za a gyara gari, har yanzu daga unguwanni ɗaya suke fitowa. Ƙasar kanta ta koma wurin Asusun Lamuni na Duniya karo na 17, aka amince mata da dala biliyan 3 a watan Mayun 2023, bayan hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022. Mai sayar da wake da shinkafa a bakin titin Nima ba ta buƙatar a fassara mata ma'anar komawa gidan jiya.

Suka ta biyu ta fi tsanani, domin ta shafi masu zanen kansu. Aikin da aka yi da sharar Nima a Landan da Berlin da New York ake sayar da shi, da fam da yuro da dala, ga mutanen da ba za su taɓa taka lungun da aka tsinto ledar ba. A watan Fabrairun 2020 an yi gwanjon wani zanen Amoako Boafo, wanda shi ma a Ghanatta ya yi karatu, a kan fam 675,000 a Landan, alhali wanda ya kai shi gwanjon ya saye shi watanni kaɗan kafin nan a kan abin da bai kai dala 25,000 ba. Wannan ita ce hanyar koko: a noma a nan, a sarrafa daraja a can. Idan mai ɗinki ta karɓi ladan yini, sunan mutum ɗaya kuma ya hau bangon gidan nuni, to akwai haɗarin kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Zanen da yake sukar zagayen zai iya zama wani sabon zagaye na abin da yake suka.

Ba a amsa wannan suka da kalamai a takardar baje koli. Ana amsa ta ne da abin da ya dawo gida, kuma a nan ayyukan sun bambanta. Mahama ya zuba kuɗin cinikinsa a cibiyoyi uku a Tamale, ta farkonsu cibiyar zanen zamani ta Savannah da aka buɗe a 2019, yaran makaranta kuma suna shiga kyauta. Aikin da ya rufe ginin Barbican na Landan da shi a 2024, ƙyalle mai faɗin kusan murabba'in mita 2,000 da aka ɗinka wa tsofaffin rigunan batakari kusan ɗari, a filin wasa na Tamale ɗaruruwan masaƙa da maɗinka suka haɗa shi a idon jama'a. Zakari ya kai wani ɓangare na aikinsa Bawku, garin da rikici ya daɗe yana hana shi sakat. Waɗannan ba su kawar da rashin daidaiton kasuwar ba, amma sun karkatar da wani kaso na ribar zuwa inda ba ta saba zuwa ba, kuma ta wannan ma'auni ya kamata a auna duk mai zanen da ya ɗauki sunan zango ya fita da shi.

A Nima da Maamobi, abin da ya fi saurin salwanta shi ne zanen bango, domin shi kaɗai ne ba a iya naɗewa a sa a jirgi, kuma shi kaɗai ne mutanen unguwa suke gani kullum ba tare da tikiti ba. Ya kamata sarakunan zango da limamai da majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, tare da Asusun Raya Zanguna, su ɗauki nauyin ɗaukar hoton kowane bango kafin a shafe shi, a rubuta sunan mai zane da shekara da sunan lungu, a yi bayanin da Hausa, da boko da ajami, a ajiye a inda ɗalibi zai iya zuwa ya duba. Masu zanen da suka yi suna a waje kuma su bar aƙalla aiki ɗaya na hannunsu a wata makaranta ta unguwar, inda matan da suka tsinci ledar da 'ya'yansu za su tsaya a gabansa su gani.